Firjin Zoɓo

"Ban da firjin," in ji Baturen mai gwanjo. "Abin da ke ciki ka saya."

Malam, wanda ya yi cinikin, ya yi sororo. Tun daga garin Woodbridge ya sha cunkoson motoci zuwa wannan gidan abincin da ya rufe, don kawai ya samo wa matarsa firji mai ƙofar gilashi, ta riƙa jera zoɓon sayarwa. Ya yi ta ɗaga hannu har ya kayar da mutum uku, yana mamakin yadda Turawa ke rububin tsohon firji. Ashe giyar inabi ya saya, kwalba arba'in, kuma ba a mayarwa.

Sha haramun, sayarwa haramun. Kyauta ma da ya tambaya, limaminsu ya ce a'a.

Ranar Asabar ya tuttular da ita kaf, yana ta tsaki. Matar ta ce ba za a yi asara biyu ba. Ta wanke kwalaben tas, ta ɗura zoɓonta ja wur, suka kai walimar Sallah.

Har aka tashi babu wanda ya taɓa ko ɗaya. A bakin ƙofa limamin ya ja shi gefe, ya rage murya.

"Haba Malam, ba mun yi magana ba?"