Bel ɗin Kujerar Tsakiya

Daga asibiti kai tsaye ta wuce garejin, ko mayafinta ba ta gyara ba. Mijinta na biye da ita yana cewa, "Ki bari mu je gida tukuna, ki huce."

Ko waiwayarsa ba ta yi ba. Jiya da hantsi ita da kanta ta zaunar da Inna a kujerar tsakiya ta bayan motarsu, ta ja bel ɗin ta kwantar da shi a kan ƙugunta, ba a kan ciki ba, ta matse shi har sai da tsohuwar ta yi mita. A mararraba wata babbar mota ta shigo musu, mijin ya taka birki, suka daki bayanta, bel ɗin ya rabu biyu. Yanzu Inna na kwance da karaya, ba ta gane kowa.

Motar na ƙarƙashin rumfa, gabanta a lotse. Bakaniken ya taso yana goge hannu da tsumma.

"Kai ne ka duba motar nan watan jiya?"

"Ni ne, Hajiya."

"An nuna maka bel ya fara yagewa, ka ce ka sa sabo. Sabon ke nan? Uwata ce fa a ciki, ba buhun siminti ba! Wallahi sai mun tsaya gaban hukuma ni da kai."

Masu kawo gyara suka fara taruwa. Bakaniken ya dubi mijin. Shi kuwa taya yake ta kallo.

"Don Allah ki rage murya," in ji mijin. "Ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce ta ce a yi ha'inci? Kai ma da ba ka iya tsayawa ka ga abin da ake yi wa motarka ba, ka rufe min baki!"

Bakaniken ya ɗauki sifana, ya buɗe ƙofar baya, ya kwance bel ɗin, ya miƙo mata ɓari biyun.

"Hajiya, na ce a canza shi. Bel idan ya yage ba a yi masa faci, yar da shi ake yi. Aka ce min a bari tukuna. Inji da birki kawai na taɓa. Wannan ba hannuna ba ne."

Ta fizge da niyyar jefa masa a fuska, sai yatsunta suka ji tudun zare. Ta tsaya. Layi uku ne na ɗinkin keke, a jere tsaf, an koma baya sau biyu a kowane ƙarshe. Daidai nan ya buɗe.

Ta ɗago kai. Mijin ya riga ya kai bakin ƙofar garejin.

Ita ta yi ɗinkin nan a kan kekenta, ranar da ya shigo mata da shi a leda ya ce madaurin kaya ne.