Hoton da Winifred Ta Aika wa Sojoji

"Dinny, ka fara neman wata sana'a!" Winifred ta ɗaga murya a ƙofar mashayar garin.

Mai mashayar ya leƙo yana goge kofi. "Uwargida, shayinki fa zai huce."

Tun da yaƙi ya ɓarke take bin gida-gida: a haramta giya albarkacin yaranmu da ke fagen fama. Har hoto ta ɗauka a nan ƙofar Dinny, riƙe da kwalin da ta rubuta "A haramta giya" a jikinsa, ta aika wa ɗanta Cedric ya nuna wa 'yan'uwansa sojoji.

Aka kaɗa ƙuri'a a duk faɗin New Zealand, masu son haramci suka yi rinjaye. Winifred ta gasa kek, ta aika wa Dinny yanki don tsokana.

Sai ga ƙuri'un sojojin da ba su dawo ba tukuna. Suka kifar da komai. Giya ta zauna daram.

Ranar da Cedric ya sauko daga jirgin ƙasa, ta rungume shi, sannan ta kama kunnensa.

"Kai, ba ka nuna musu hoton ba ne?"

"Na nuna, Mama. Hannu-hannu ya yi ta yawo har ya koɗe. Wasu har da hawaye."

Ranta ya ɗan yi sanyi. "Sun karanta kwalin ke nan?"

"Wane kwali?" Cedric ya sosa ƙeya. "Mama, bayanki fa suke kallo. Ƙofar Dinny a buɗe take, ana hango gangunan giyar."