Dillalin Gida na Uku

Kafin hantsi ya dubi ludayi an kwashe kayan gidan Anneke kakaf, an jibge su a bayan gida, an rufa musu tamfal. Haka tsarin shirin yake: a nuna wa masu kallon talabijin Turawan da suka yi ritaya suna neman muhalli a ƙasar waje, a zagaya da su gida uku, su zaɓi ɗaya. Abin da ba a gaya wa masu kallo shi ne, gida na ukun nan Anneke ta daɗe a cikinsa, tun da ta ajiye aikin jinya a Holan ta tare a Galle, bakin tekun Sri Lanka.

Mai ba da umarni, wata 'yar garin mai suna Dilrukshi, ba ta kiran kowa da sunansa.

"Maigida, riƙe hannun uwargida. Dillali, wuce gaba, kuma ka saki fuska!"

Wim ya riƙe hannun Anneke. Dogo ne, furfura fara tas, murmushi kamar mai tallan man goge baki. Gerrit kuwa, gajere mai sanƙo, ya yi gaba da makullai yana haɗa gumi cikin wata kwat da ta ƙi haɗuwa a tumbinsa, ga hannuwanta sun rufe masa yatsu.

Gidaje biyun farko aro aka yi daga wajen masu su. Ɗaya birai sun yi wa rufinsa kaca-kaca, ɗaya yana manne da layin dogo. Gerrit ya yabe su kamar mai haɗiyar maɗaci.

A gida na uku ƙofa ta cije. Wim ya murɗa, ya tura, ya sa kafaɗa, shiru. Dilrukshi ta jinjina masa: wannan shi ne iya wasa, sai ka rantse bai san gidan ba. Gerrit ya matso ya ɗan shuri ƙasan ƙofar, ta buɗe. Karen gidan kuma sai da aka ɗaure shi, don ya ƙi rabuwa da ƙafar dillali.

"Uwargida, ki nemo aibu," in ji Dilrukshi. "Masu kallo ba sa son a yi ta yabo."

Ashe Anneke jira take. Ta shiga madafa ta nuna kantar da ke bango.

"Wannan a karkace take. Ka ajiye ƙwai, ka tsince shi a ƙasa."

"Madam, daɓen ne a karkace," in ji Gerrit.

"Wanda ya kafa ta dai, da gani ba ya jin shawara."

Wim ya dafa kafaɗarta. "Rabu da shi, zumata. Ni zan gyara miki."

Kunnuwan Gerrit suka yi ja. Anneke ba ta tsaya nan ba. Famfon wanka da ke tsiyaya ya sha nasa, haka fentin baranda, wanda ta ce launinsa na tayar mata da zuciya. Gerrit ya ce mai gidan ne da kansa ya zaɓi launin. Ta ce ai shi ya sa.

Da rana ta yi sanyi aka zo fitowar ƙarshe. Anneke da Wim za su zauna a baranda da kwakwa a hannu, su ce gida na uku suka zaɓa, sannan ya sumbace ta. Dillali zai tsaya gefe yana murna.

Wim ya sunkuyo, sai makullai suka faɗi ƙasa, kacau! Aka sake. Ya sunkuyo, tari ya sarƙe dillali. Aka sake. Wannan karon Gerrit ya ratso gaban kyamara wai yana korar hankaka. Dilrukshi ta nuna masa hadarin da ke tasowa daga teku: in ba a gama yanzu ba, sai gobe, kayan gida kuma su kwana a ruwa.

Aka sake. Wim ya gyara gashi, ya lumshe ido, ya sunkuyo.

"An fasa!" Gerrit ya daka tsawa har mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa. "Gidan nan yana da mai shi, da shi da duk abin da ke cikinsa!"

Anneke ta dube shi, ga kwat ta yage a hammata, sai ta fashe da dariya har da hawaye. Dilrukshi ta dafe kai, ta haƙura da sumbar, aka ƙare da Anneke da Wim suna gwara kwakwarsu.

Motar 'yan shirin na barin layin, Wim ya yi sallama ya shige gidan da ke maƙwabtaka. Shi dama roƙonsa aka yi da safe ya fito a matsayin dillali, sai Dilrukshi ta ƙare wa mazan biyu kallo, ta ce su musanya riga. Anneke ta share hawayenta, ta juyo wajen mijinta Gerrit.

"To, dillali, mayar wa Wim kwat ɗinsa, ka zo mu shigo da gadonmu kafin ruwa ya sauko."