Kwanukan Iya

"An rufe sito, Iya," in ji mai gadin. "Ma'aikatan tarayya suna yajin aiki. Ko sun dawo ma, an sake tsari, tallafin gero sai mai kati."

Tsohuwar ba ta da kati, sai jikoki marayu masu jiran tuwo. Ta naɗe ɗan buhunta, ta ratsa kasuwar Daura tana mita.

Duk daminar bana, in ta karɓo rabonta, sai ta ɗiba a kwano ta aika wa maƙwabta. Gero ya tafi, kwanuka ba su dawo ba, har ta koma cin tuwo a murfin tukunya, tana cewa mutanen unguwar nan ba su da ta ido.

Tana shiga gida ta ja ta tsaya. Ga kwanukanta jere a tsakar gida, kowanne shaƙe da sabon gero.

Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga. "Jiya muka yi sussuka, Iya. Kunya ce ta hana mu. Yaya za mu mayar miki da kwano ba komai ciki?"

Tsohuwar ta warware buhun, ta fara juyewa. Ya cika tun kwanukan ba su ƙare ba.