Sunan Maigida

Da birane suka fara cin junansu, Dakta Sambo ya haƙa mafaka a daji, ya cika rumbu da gero. Ƙofar ƙarfe ta fi ƙarfin aljihunsa, sai ya sayo bindiga mai gadi da kanta a gwanjo. Tambaya ɗaya ta iya, kuma ba ta yin ta sau uku.

Ranar da ya kafa ta, matarsa Asabe ta dawo daga rafi da tulu a ka.

"Sunan maigida?" in ji bindigar.

"Malam."

"Sunan maigida?"

Sambo ya fito a guje. "Asabe, ce Sambo! Sambo kawai!"

"Haba Malam, da girmana in kama sunan mijina? Ke, Baban Ladidi ne."

Tulun ne ya fara fashewa.