Fayafayan Tayyiba

Tayyiba tana tsaka da tsaga kaba mijinta Sha'aibu ya shigo, ya ce ta ɗauko masa hoton aurenta, wanda ta yi lulluɓi da farin mayafi. Ta ɗauko. Ya kwantar da shi a tabarma, ya ɗauka da waya har sau uku, ya miƙo mata abinta.

Shekara biyu ke nan tana saƙa fayafayai a gidansu na Ɗanzomo, shi kuma yana tallarsu a shafin da ya buɗe a intanet. Masu sayen duk na nesa ne, Kano, Kaduna, Abuja. Ita ba ta taɓa ganin shafin ba. Wayarta ƙarama ce, ta kira da amsawa, karatunta kuma a aji huɗu ya tsaya. Abin da ta sani kawai, sunansa ne a sama.

Sau ɗaya ta taɓa roƙonsa, kanta a sunkuye, ya sa nata ko a ƙasa ne, don Iyarta da ke Gagarawa, wadda ta koya mata saƙar, ta ji an ce 'yarta ta yi suna. Ya ce ta bari sai ƙarshen shekara, lokacin bukukuwa, da kasuwa ke buɗewa.

To ga Nuwamba ta raba, ga shi ya nemi hoto. Ranar ko zafin kabar da ta yanke ta ba ta ji ba.

Shiri ya kankama. Sha'aibu ya ce ashe a baya wasa yake yi da tallar. Ya saurari masu koyar da talla a waya, sun ce mutane ba kaya suke saye ba, labari suke saye. Ya kafa mata doka: faifai sittin kafin Disamba. Ban da sabon zane, irin na da kawai. Wanda ta gama ta shanya shi kwana uku a rana ya ɗan koɗe. Ta so ta ce sabo ya fi kyau, ta haɗiye.

Ranar ɗaukar bidiyo ya ce ta shiga maƙwabta, kada tarinta ya ɓata masa aiki. Kafin ta fita ta ga ya jera fayafayan a kan gadonta, ya rataye mayafinta a ƙusa, ya sa tsohuwar riga, ko mai bai shafa ba. Ta ɗauka haka masu talla suke yi.

Kaya suka fara tafiya kamar ana kwasa. Kullum yana tashar Gumel da ɗauri. Wayarsa ba ta hutawa, saƙon murya kan saƙon murya, yawanci mata. Daga madafa takan jiyo: "Allah ya jiƙanta, Allah ya ba ka haƙuri. A ajiye mini biyar." Mahaifiyarsa ta rasu bara da damina. Tayyiba takan ce amin a ranta, tana mamakin kirkin mutanen birni.

Sittin suka ƙare, ya ce a ƙaro arba'in. Yatsunta suka tsattsage, ta ɗaure su da tsumma, jini ya ɗiga a faifai guda. Bai kalli hannun ba. Faifan ya ɗaga, ya jujjuya, ya ce wannan ma rububinsa za a yi.

Da aka yi sunan ɗan yayarta a Gagarawa ya hana ta zuwa. "Gidan biki kowa da waya a hannu. Ba na son a watsa mini ke." Ta ɗauka kishi ne, har ta ji daɗi.

Iya ta kira tana faɗa. "Ko ƙeyarki mun daina gani. Faifan ne ya haife ki?"

"Ki yi haƙuri, Iya. Kwanan nan za ki ji sunana."

Ta tambayi Sha'aibu ko ya sa sunan. Ya ce ya sa, da manyan baƙi ma. Da ta miƙa hannu ta gani, ya ce caji ya ƙare.

Ranar Alhamis ya yi sammakon kasuwar Maigatari. Da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata Hajiya Amatullahi ce daga Kano, za ta aurar da 'ya. Hanya ce ta biyo da ita, ta ga gara ta karɓi fayafayan da ta saya da hannu, a tasha aka yi mata kwatance. Tayyiba ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaida ta.

Hajiya ta daɗe tana kallonta. "Ke ƙanwar ce ko? Kamar an tsaga kara."

Tayyiba ba ta gane ba, kunya kuma ta hana ta tambaya. Sai wayar da ke cinyar baƙuwar take ta satar kallo. Can ta yi ta maza.

"Hajiya, don Allah, an ce akwai suna a shafin. Ko za ki nuna mini?"

Hajiya ta buɗe, idonta ya cicciko, ta miƙa mata.

Ga ta nan cikin farin mayafi. Ga manyan baƙi a ƙasa. Sunanta ta gane nan take, har ta yi murmushi. Ta ɗora yatsa mai tsumma tana bin sauran ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Da Hajiya ta ga ta daɗe, ta sunkuyo ta karanta mata a hankali:

"Ragowar saƙar matata, marigayiya Tayyiba. In sun ƙare, sun ƙare."