Rikoda Biyu, Zare Ɗaya

Rikoda biyu Halina ta sa aka girka a bayan labulen dandali, zaren ɗaukar murya guda ɗaya ya ratsa daga wannan zuwa waccan. Ta farko ta ɗauki muryarta, ta biyu ta maido mata da ita bayan numfashi biyu. A birnin Warsaw na lokacin sabon abu ne, kuma shi ya raba ƙanwarta Danuta da sana'arta. Tun suna yara Halina ke ba da waƙa, Danuta na amshi. Yanzu aikin Danuta bai wuce tsayawa kusa da lasifika a bayan labule ba, ta tokare zaren da fensir kada ya saki.

"Yaya, zaren nan duk faci ne," in ji Danuta.

"Ko faci ne ya fi ki. Ba ya mura, ba ya tsiwa. Ke dai riƙe fensirinki."

A layin gaba akwai Wojtas, mutumin ma'aikatar al'adu, wanda sa hannunsa ke ba mawaƙi fasfo. Halina ta fara furfura tana jiran fita waje, kuma ta san in damar yau ta kuɓuce mata, shi ke nan.

Ta ja baitin farko, ta saurara. Shiru ya ɗan zarce yadda ta saba. Sai amshi ya taso daga bayan labule, tas da shi, babu shuu ɗin nan na tsohon zare. Ta ba da, aka amsa. A tsakiyar waƙa muryarta ta ɗan zame, amma da ta dawo mata sai ta ji ta daidai. A ranta ta ce, ashe ban kuskure ba.

Jama'a suka miƙe suna tafi. Wojtas ya hau dandali ya sumbaci hannunta.

"Malama Halina, injin nan naki kamar mai rai. Za ki je Venice. Kujera ɗaya ce dai, sai wurin akwatunan rikoda. Mai riƙe fensir a can ma ba a rasa ba."

Halina ta shiga bayan labule kanta a sama. Danuta na zaune tana kurɓar shayi mai sanyi, gumi ya jiƙa mata wuyan riga.

"Kin ji yadda ake amshi? Duk zamanmu ba ki taɓa yi min irinsa ba."

"Na ji, Yaya," in ji Danuta, muryarta a dishe.

Halina ta sunkuya za ta zare wayar wuta, ta daɗe a sunkuye tana duban ƙasa. Ashe ba injin ne ya yi amshin ba. Ta ji takun Wojtas yana tahowa ganin injin. Sai ta sa ƙafa a hankali, ta tura ƙarƙashin tebur tulin zaren da ya tsinke tun kafin ya isa rikoda ta biyu.